Warin da Ikrima Bai Ji Ba

Ranar Larabar da abin ya faru, cikin tsakiyar watan Nuwamba, Malam Maharazu ya dawo daga sallar asuba ƙarfe shida saura kwata. Ya san haka domin shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a makarantun sakandare na ƙasar Daura, kuma ko da ya yi ritaya bai daina duba agogo ba duk sanda ya tsallaka ƙofa. Daga baya ya bi wannan rana sa'a bayan sa'a, ya tambayi duk wanda ya ga wani abu, har ya haɗa ta yadda take a nan. Amsar tambaya ɗaya yake nema: me ya sa ɗansa Ikrima, magidanci mai shekara talatin da ɗaya, ya kwanta sa'a uku cikin warin da ke mayar da mutum baya tun daga zaure, bai tashi ya fita ba? Mutanen unguwa sun riga sun ba da tasu amsar. Sun ce shaye-shaye yake yi. Malam yana so ya san ko gaskiya ce.

Ƙarfe bakwai Iya, matarsa, ta kawo masa koko da ƙosai. Gidan shiru. Ikrima yana Kongolam tun Litinin, yana yi wa telolin can gyaran kekunan ɗinki, ya ce sai Juma'a zai dawo. Matarsa Murjanatu ta tafi Baure suna da 'yarsu Fadila.

Ƙarfe takwas Malam ya fita zaure ya duba ɗakin ajiya. Buhu goma sha huɗu na wake ne a ciki, amfanin gonarsa ta hanyar Sandamu. Ranar Litinin da yamma ya naɗe ƙwayoyin maganin ƙwari a tsumma, irin waɗanda ke sakin iska mai guba, ya cusa cikin kowane buhu, ya rufe taga, ya toshe ƙarƙashin ƙofa. Haka ake yi a kowane gida da ke ajiye wake. Ɗakin ajiyar bango ɗaya ya raba shi da shagon Ikrima, kuma bangon bai kai rufi ba, akwai tazarar kamu biyu a sama. Malam ya san da wannan tazara. Shi ya sa ya zaɓi kwanakin da mai shagon ba ya gari. Ya kai hancinsa kusa da ƙofa, wari kamar na tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi ya doke shi, ya ja da baya yana tari. Ya ce a ransa magani na aiki.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin ya ji ƙarar babur a ƙofar gida, sai kuma atishawa. Ya ƙirga, kamar yadda ya saba ba tare da niyya ba. Guda tara. Aikin Kongolam ya ƙare da wuri.

Ikrima ya shigo da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, idanu jajur, hankici a hannu. Ya durƙusa daga nesa.

"Barka da hantsi, Baba."

"An dawo?"

"An dawo, Baba."

Iyakar maganarsu ke nan. Ikrima ɗan fari ne, kuma a gidansu Malam ba a sakin jiki da ɗan fari. Ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Malam ya yi jami'a a Zariya, ya watsar da al'adu da yawa da ya ga ba su da tushe, amma wannan bai watsar ba. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa furta sunan yaron ba. In zai ambace shi sai ya ce "mai shago". In yana da saƙo sai ya bi ta hannun Murjanatu, ita kuwa ranar tana Baure.

Ƙarfe goma sha biyu Ikrima ya yi wanka, Iya ta ajiye masa ɗanwake a bakin ƙofar ɗakinsa ta juya. Da ta zo ɗaukar kwanon Malam sai ta tsaya.

"Malam, an kuwa gaya wa yaron nan an sa magani a wake?"

"Ba sai an gaya masa ba. Yana buɗe ƙofa warin zai gaya masa."

Iya ta ce haka ne. Babu wanda ke rubuta takarda ya manna a ƙofar ɗakin wake. Warin shi ne sanarwa.

Ƙarfe biyu uban da ɗan sun yi azahar a masallaci, a sahu ɗaya, mutum huɗu a tsakaninsu. Biyu da kwata Malam ya tafi wata ta'aziyya tare da ƙaninsa Kalilu. Biyu da rabi, a faɗar mai kanti na ƙetaren titi, Ikrima ya sayi ruwan leda, ya haɗiye wani abu daga aljihunsa, ya buɗe shago ta ƙofar waje, ya shiga ya rufe. Akwai tabarma da filo a ciki. Nan yake ƙailula.

Ƙarfe huɗu bai fito la'asar ba. Biyar da rabi Iya ta ji ana kelaya amai ta bayan bango. Ta kira mai kanti, ya tura ƙofa, warin ya sa shi toshe hanci da hula kafin ya iya shiga. Ya jawo Ikrima waje ta ƙafafu. Yana numfashi da ƙyar, yana dafe ƙirji, yana cewa ƙishirwa. An kai shi asibiti kafin magariba. Ya cika washegari da hantsi, ƙarfe tara da minti goma, Malam na tsaye a ƙafafun gadon.

*

An haifi Ikrima a gidan nan, a ɗakin da daga baya ya zama nasa. Yana da shekara bakwai aka fara lura da hancinsa. Da safe sai ya yi atishawa goma a jere, ruwa fari kamar hawaye na zuba, yana murza hanci da tafin hannu har wani layi ya fito a kan karan hancin bai ƙara gogewa ba. Aka ce mura ce. Mura takan yi mako guda ta tafi. Wannan ta yi shekara ashirin da huɗu.

Tana da lokutanta. In gero ya fitar da bununi cikin damina sai ta tashi. In aka zo sussuka da shiƙa, ƙaiƙayi na tashi, yaron ba ya iya tsayawa a masussuka minti goma. Idanu su kumbura, murya ta shaƙe. Ɗaga tsohuwar katifa ma ya isa. Iya ta yi duk abin da aka gaya mata: citta da kanumfari, tafarnuwa a zuma, man habbatus-sauda a ɗiga, sirace da ganyen darbejiya cikin bargo. Kowanne ya yi kamar zai yi, kwana biyu, shi ke nan. Malam kuwa lissafinsa daban ne. Ya lura cewa ciwon yana tsananta ne daidai lokacin da aikin gona ya yi yawa, ya kuma yanke hukuncin da ya ga alƙaluma sun nuna. Lalaci ne. Sau biyu ya dake shi a gona a gaban 'yan ƙwadago.

A makaranta ana kiransa Sarkin Atishawa. Yana aji biyu na sakandare wani mai kemis ya ba shi ƙwayar mura, 'yar ƙarama rawaya, wadda ke tsayar da ruwan hanci cikin rabin sa'a ta kuma kwantar da mutum. Tun daga nan ya zama yana da zaɓi biyu a kowace safiya: ya zauna a aji yana atishawa ana dariya, ko ya sha ya yi gyangyaɗi. Yawanci yakan sha. Malaman makarantar abokan aikin ubansa ne, suna kai ƙara. Ɗan malamin lissafi ya faɗi lissafi sau biyu a jarrabawar fita. Malam bai ce masa komai ba. Ya daina tambayar sakamako ne kawai.

Wani kawunsa ya kai shi Kano wurin wani tsoho mai gyaran kekunan ɗinki. Can ya sami abin da hannunsa ya iya. Bayan shekara huɗu ya dawo Daura da jakar fata cike da sukudireba da filaya da kwalbar man keke, ya buɗe shago a jikin zauren ubansa. Ba a jima ba telolin Daura da Sandamu da Baure har Kongolam suka san shi. Ba ya fara kwance keke. Sai ya ce tela ya taka, shi kuma ya karkata kai ya saurara, ya faɗi inda ciwon yake tun bai taɓa ba. Teloli suna tsokanarsa.

"Ga likitan keke nan, mai maganin kowa ban da hancinsa!"

"Kai dai taka mu ji," in ji shi, cikin muryarsa ta mai toshewar hanci. "Wannan keken ba ciwo gare shi ba, maigidansa ne ba ya ba shi mai. Ko jaki aka yi wa haka ai ya yi yaji."

"To yi mana atishawa ɗaya ta albarka kafin ka fara."

"Ɗaya ba ta fitowa. Sai dai ka sayi dozin."

A gida ba a san shi da wannan bakin ba. Malam sai a zaman makoki ya fara jin irin waɗannan labarai, daga bakin mutanen da bai taɓa gani ba.

Abu ɗaya ne ke haɗa uban da ɗan. Kowace Juma'a, kafin a tafi masallaci, Malam yakan zauna a zaure da kwalbar turarensa. Ikrima ya fito cikin fararen kaya, ya durƙusa, ya miƙo hannu, Malam ya ɗiga masa a bayan hannu ba tare da ya dube shi ba. Ikrima ya kai hanci ya ce, "Madalla, Baba. Wannan ya yi ƙamshi." Kowace Salla kuma, ƙarama da babba, Malam yakan aika masa da sabuwar kwalba ta hannun Murjanatu. Ba su taɓa maganar wannan ba. Amma ko Malam ba shi da lafiya yakan fito zaure ranar Juma'a.

Shekara uku kafin rasuwar, Kalilu ya zo ya sami yayansa.

"Yaya, ka buɗe ido a kan yaron nan. Ido ja kullum, hanci na zuba, rana tsaka yana layi kamar wanda bai yi barci ba. Na ga irin wannan a tasha. Ba mura ba ce."

Malam ya ce a bar zancen. Amma da Ikrima ya tafi Baure aiki, sai ya shiga shagon ya ɗaga tabarma. Ya tarar da fankon ƙwayoyi da ƙananan kwalabe na roba guda shida, duk babu komai ciki. Ya mayar da su yadda ya same su. Bai tambayi kowa ba. Tun daga ranar, in ya ɗiga turaren Juma'a yakan saci kallon idanun ɗansa, ya ga jan, ya kau da kai.

*

A kwana na biyu na zaman makoki, ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, Malam ya ji maganar na yawo daga baki zuwa baki a can ƙarshen tabarma. An sami fankon ƙwaya a aljihun mamaci. Mai kanti ya ga ya haɗiyi wani abu. Kalilu bai ɗaga murya ba, amma wani kurma da ke kusa da shi ya sa ya maimaita.

"Na ce, mai hankalinsa a jikinsa ba ya kwanciya cikin warin nan. Ni daga titi na ji shi. Allah dai ya yafe masa."

Aka ce amin. Malam ma ya ce amin. Abin da ya fi damunsa shi ne bai ji zuciyarsa ta musa ba. In yaron a buge yake, to, laifin ya rabu biyu. Ya kama kansa yana son ya rabu biyun, ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba. Sai ya fara tambaye-tambayensa: mai kanti, Iya, ladan, telan Kongolam na ƙarshe da aka yi wa aiki. Ya haɗa sa'o'in duka. Ba su ba shi amsa ba.

Kwana goma sha biyu da rasuwar, da hantsi, Murjanatu ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Tana takaba, ta lulluɓe har goshi. Ta durƙusa daga wajen labule, ta turo wani gwangwanin biskit ciki. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa yi masa magana da ta wuce gaisuwa da isar da saƙo ba.

"Baba, jiya a makarantar allo wata yarinya ta ce wa Fadila ubanta ɗan ƙwaya ne. Ta dawo tana tambayata mene ne ɗan ƙwaya."

Malam ya dubi gwangwanin.

"Baba, Baban Fadila ba ya jin wari. Ba ya jin ƙamshi. Shekara huɗu ke nan."

"Kamar yaya ba ya ji?"

"Ko kaɗan, Baba. Ranar da na gane, na bar shi da tukunya a wuta na shiga maƙwabta, na dawo gida ya cika da ƙauri, shi yana zaune kusa da murhu yana gyaran kwarkwaron keken ɗinki. Ni nake shinshina masa riga in ce wannan ta isa wanki. In ya sayo nama ni nake gaya masa ko ya kwana. Ko fetur ya zuba a wandonsa sai na faɗa masa."

"Amma duk Juma'a yakan ce..." Malam bai ƙarasa ba.

"Yakan miƙo mini hannu daga baya in shinshina, ya tambaye ni wane iri ne Baba ya sa yau, don kada a yi masa tambaya ya rasa amsa. Turaren ma tayar masa da atishawa yake yi. Duk Juma'a da yamma a kwance yake. Na ce ya gaya muku. Ya ce in ya faɗa, Baba zai daina fitowa zaure, shi ke nan kuma babu sauran abin da zai kai shi gabanku."

Ta yi kuka kaɗan, ba sauti, ta tashi.

A cikin gwangwanin akwai katin wani asibiti a Katsina, da takardar likita, da kwalbar maganin fesawa a hanci da ba a sha rabinta ba, da irin ƙananan kwalaben robar da ya taɓa gani ƙarƙashin tabarma. Yanzu ya sa tabarau ya karanta jikinsu, abin da bai yi ba shekara uku da suka wuce. Maganin ɗigawa ne na buɗe hanci.

Ranar Litinin ya hau mota zuwa Katsina. Ya jira sa'a huɗu a layi da katin mamaci a hannu. Likitar hanci da kunne ce, mace, ba ta girmi Ikrima da yawa ba. Ta nemo fayil ɗin, ta karanta, ta yi masa ta'aziyya. Malam ya ce shi malamin makaranta ne, a gaya masa komai yadda yake.

Ta ce abin da ɗansa ke da shi tun yana yaro ba mura ba ce. Alaji ne: jikinsa yana ɗaukar bununi da ƙaiƙayi da ƙurar ɗaki kamar abokan gaba, sai cikin hanci ya kumbura ya yi ta zubar da ruwa. Ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana zama da shi lafiya. A gane abin da ke tayar da shi a rage haɗuwa da shi, a rufe hanci in za a shiga ƙura, a riƙa wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, a fesa maganin da ke kwantar da kumburi kowace rana ko da an ji sauƙi, domin shi sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Akwai kuma ƙwayoyin da ba sa sa barci kamar 'yar rawayar.

"Waɗannan fa?" Ya ajiye mata kwalaben roba.

"Su ne suka ƙara ɓata lamarin, Baba. Suna buɗe hanci nan take, shi ya sa ake son su. Amma in an wuce kwana biyar ana ɗigawa, hancin sai ya ƙara toshewa, mutum ya ƙara ɗigawa. Shekaru ya yi a haka kafin ya zo mana. Da na duba shi watan Yuli, tsiro ya cika hancin ta ɓangare biyu, ya rufe inda ake jin wari. Mun sa masa ranar aikin tiyata."

"Yana sa maye?"

"Wanne?"

"Ko ɗaya daga ciki."

"A'a, Baba. 'Yar rawayar tana sa barci mai nauyi, musamman in ya sha biyu bayan doguwar tafiya. Jan ido kuwa ciwon ne da kansa." Ta dube shi. "Wani ya ce yana shaye-shaye ne?"

"Ni na ce," in ji Malam.

Ya yi tambaya ta ƙarshe, ko da an kawo yaron yana ɗan shekara bakwai da abin bai kai haka ba. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, amma mai yiwuwa ne ƙwarai. Ya yi mata godiya. A mota ya duba katin. Ranar aikin biyar ga Disamba ce. Kwana ashirin tsakaninta da waccan Laraba.

*

Ranar addu'ar arba'in, bayan liman ya shafa, mutane sun fara neman takalmansu, Malam Maharazu ya miƙe tsaye da gwangwanin a hannu. Ya ce a ɗan dakata masa. Ya yi magana kamar yadda yake yi a gaban allo, a hankali, ba ya maimaita kalma.

"Ikrima," ya ce, sai ya tsaya. Waɗanda suka san gidan suka ɗaga kai. Daga cikin zaure, inda mata suke, aka ji Iya ta saki wani sauti. "Ikrima ɗana bai taɓa shan abin maye ba. Ciwon hanci gare shi tun yana yaro, mu muka ce mura ce, ni na ce lalaci ne. Shekara huɗu ba ya jin wari. Ga takardar likita, duk mai so ya karanta. Ni na sa magani a wake. Na san bangon bai kai sama ba. Mahaifiyarsa ta tambaye ni ko an gaya masa, na ce warin zai gaya masa. Ya durƙusa a gabana ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, kalma biyar ta isa, ban faɗa ba. Wanda ya ji waccan magana ya kai ta wani wuri, ina roƙonsa ya kai wannan ma."

Babu wanda ya karɓi takardar. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kowa da sanadinsa. Malam ya ce ya sani, ya kuma yarda, amma sanadin yana da suna. Kalilu ya zauna kansa a ƙasa har kowa ya watse, sannan ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Malam ya ce ba shi ne mai yafewar ba, ya ce masa ya shiga ciki ya roƙi yarinyar da uwarta.

Maganar ba ta mutu gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai masu cewa uba ne ke rufa wa ɗansa asiri. Amma ba a ƙara faɗa wa Fadila komai a makarantar allo ba.

Da Murjanatu ta fita takaba aka raba kayan. Babur aka sayar, aka raba yadda shari'a ta ce. Jakar kayan aiki telolin Kongolam suka aiko a ba su, sun ce za su ajiye ta a shagon babbansu don duk wanda ya koyi gyara. Aka ba su. Riguna da huluna an kai wa mabukata a Sandamu, inda ba za a gan su a jikin wani a unguwa ba. Hankici ashirin da uku Iya ta wanke ta goge ta sa a ƙasan akwatinta, ba ta yi shawara da kowa ba. Tabarma da filon shago an ƙone su. Waken, buhu goma sha huɗu, an ce in ya sha iska ana iya ci. Malam ya sa aka kai gona aka haƙa rami aka binne. Ya kira magini ya ɗaga bangon har rufi, ko da yake babu mai kwana a shagon yanzu.

A ƙasan akwatin Ikrima, cikin wata tsohuwar hula, aka sami kwalaben turare takwas, na Salla takwas, ko ɗaya ba a buɗe ba. Murjanatu ta ce ba ta so. Malam ya kai su masallaci ya ba mutumin da ke ajiye likkafani da kayan wankan gawa, ya ce a yi amfani da su.

Katin asibitin kaɗai ya riƙe. Fadila ta cika shekara biyar cikin damina, kuma da gero ya fitar da bununi ta fara atishawa da safe, shida, bakwai a jere, tana murza hanci da tafin hannu. Malam ya je Baure da kansa, inda Murjanatu ta koma da ita bayan takaba, ya roƙi uwarta. Ya kai ta Katsina wurin likitar nan, aka buɗe mata nata katin. Ya haɗa biyun da roba ɗaya ya sa a aljihun gaba na rigarsa, nata a sama, na Ikrima a ƙasa.